Babi na Shida: Takardar da Ta Kori Iyalan Joad

A farkon fim ɗin The Grapes of Wrath akwai wani manomi mai suna Muley Graves, yana tsaye a ƙofar gidansa da iyalinsa. Wani mutum ya zo a mota, bai ko sauko ba, ya ce musu su kwashe nasu ya nasu su bar gonar. Ɗan Muley ya tambaye shi laifin wane ne. Mutumin ya ce shi ɗan aike ne, gonar ta kamfani ce. To su je wurin shugaban kamfanin mana? Ai shi ma banki ne ke juya shi. Bankin yana Tulsa, amma manajan bankin daga gabashin ƙasar ake ba shi umarni, shi ma kansa ya ɗau zafi. Da Muley ya ga an bi da shi ta kowace ƙofa babu kowa a ciki, sai ya tambaya wa zai harba ke nan. Ɗan aiken ya ce shi ma bai sani ba, ya tada mota ya tafi.

Duk abin da ya biyo baya a cikin sa'a biyu da 'yan mintoci na fim ɗin, daga wannan tsayuwa ya taso. Mutum ya san yadda zai yi da ɓarawon da ya haura masa katanga. Wanda aka raba shi da gonar da kakansa ya sare, aka ce masa takarda ce ta raba su, bai san inda zai kai ƙara ba, bai san wa zai riƙe wa wuyan riga ba. John Ford, daraktan fim ɗin, ya bar Muley a durƙushe yana damƙar ƙasa da hannu yana kuka, yana cewa a nan aka haife su, a nan wasunsu suka mutu, wannan ne ya sa ta zama tasu.

Yawancin masu ba da labarin fim ɗin sukan ce labarin fari ne. Farin kuwa an yi shi, kuma mai tsanani. A shekarun 1930 ruwa ya ɗauke a tsakiyar Amurka, a yankin da jihohin Oklahoma da Texas da Kansas da Kolorado da New Mexico suka haɗa iyaka. Kafin nan, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa, alkama ta yi tsada, manoma suka bi dajin ciyawa da garma suka tuge saiwar da ke riƙe ƙasa. Da fari ya zo, iska ta kwashi ƙasar gona ta yi sama da ita. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe rana har yini ya koma dare, mutanen yankin suka riƙa kiranta Baƙar Lahadi. Sai dai garin Sallisaw, inda John Steinbeck ya ajiye iyalan Joad, waɗanda labarin ke kansu, a littafinsa da aka mayar fim ɗin, yana gabashin Oklahoma ne, ƙasar auduga, nesa da cibiyar ƙurar. Cikin mutum fiye da 300,000 da suka kwarara Kaliforniya daga Oklahoma da Texas da Arkansas da Missouri a waɗannan shekaru, kaɗan ne suka fito daga inda ƙurar ta fi ɓarna. Akasarinsu faɗuwar farashin auduga da bashi da tarakta ne suka tashe su.

Yadda abin ya kasance yana da ciwo. A 1933 gwamnatin Franklin Roosevelt ta yi dokar da za ta riƙa biyan masu gonaki kuɗi don su rage noman auduga, saboda farashi ya ɗaga. Niyyar taimako ce. Amma kuɗin hannun mai ƙasa yake shiga, alhali waɗanda ke noman da yawansu ba su da ko taki ɗaya, gonar wani suke nomawa a raba amfani in kaka ta yi. Mai ƙasa da aka ce ya rage noma, aka kuma danƙa masa kuɗi, sai ya sallami iyalan da ke zaune a gonarsa ya sayi tarakta. Mutum ɗaya a kan tarakta yana yin aikin gidaje goma ko fiye. Fim ɗin bai ambaci wannan doka ba, amma ya nuna abin da ta haifar. Da taraktar ta zo rushe gidan Muley, ya ɗaga bindiga, direban ya cire tabarau, sai ga shi ɗan maƙwabcinsa ne. Yaron ya ce dala uku ake biyansa a yini, yana da mata da 'ya'ya. Ya bi ta kan gidan katakon ya wuce. Kyamara ta sauka ƙasa, ta nuna inuwar Muley da iyalinsa a tsaye, sawun taraktar ya ratsa ta kansu.

Steinbeck ya ga mutanen nan da idonsa kafin ya rubuta su. Ɗan Kaliforniya ne, haihuwar Salinas a 1902. A watan Oktoba 1936 jaridar San Francisco News ta buga jerin rahotannin da ya rubuta kan leburorin gona masu yawo, bayan ya zaga sansanoninsu. Wanda ya yi masa jagora shi ne Tom Collins, manajan sansanin gwamnati da ke kusa da Arvin a gundumar Kern, wanda ya riƙa rubuta rahoto kan abin da mazauna sansanin ke ci da cutar da ke damunsu da yadda suke magana. Littafin ya fito a watan Afrilu 1939, ya fi kowane ƙagaggen labari kasuwa a Amurka a wannan shekara, ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1940. Ya jawo wa marubucinsa ƙiyayya mai yawa. Ƙungiyar manyan manoman Kaliforniya ta ce ƙarya ce da farfagandar 'yan gurguzu. A watan Agusta 1939 hukumar gundumar Kern ta hana ajiye shi a ɗakunan karatu da makarantu, aka ƙona kwafinsa a gaban masu ɗaukar hoto. Wani ɗan majalisar tarayya daga Oklahoma, Lyle Boren, ya tashi a zauren majalisa ya la'anci littafin saboda a ganinsa ya ci mutuncin mutanen jiharsa.

Ana cikin wannan rikici Darryl Zanuck na kamfanin Twentieth Century-Fox ya sayi izinin mayar da littafin fim. Zanuck ba ɗan gwagwarmayar talakawa ba ne, ɗan kasuwa ne mai ra'ayin 'yan mazan jiya. Ya tura masu bincike sansanonin don su gano masa ko Steinbeck ya yi ƙari, suka dawo suka ce abin da ke can ya fi na littafin muni. Aka ba Nunnally Johnson rubuta labarin fim ɗin, aka ɗauko Tom Collins ya zama mai ba da shawara, aka ɓoye sunan aikin ana kiransa Highway 66 lokacin ɗaukar hotunan hanya don gudun fitina. Ford kuwa, wanda iyayensa baƙi ne daga Ayalan, ya faɗa daga baya cewa labarin ya tuna masa da yunwar ƙasar kakanninsa, lokacin da masu ƙasa suka kori manoma suka bar su suna gararamba a kan hanya. Henry Fonda ya so rawar Tom Joad har ya yarda ya sa hannu a kwantiragin shekara bakwai da kamfanin, abin da da can yake gudu.

Wanda ba a cika ambata ba, kuma a ganina rabin fim ɗin nasa ne, shi ne mai ɗaukar hoto Gregg Toland, wanda bayan shekara guda ya ɗauki Citizen Kane. A lokacin, finafinan Hollywood haske ake zuba musu ko'ina don fuskar jarumi ta yi sheƙi. Toland ya bar duhu ya zama duhu. Sa'ad da Tom ya dawo daga gidan yarin McAlester, bayan ya yi shekara huɗu cikin bakwai da aka yanke masa kan kisan da ya yi a wurin faɗa, ya tarar da gidansu kango, hasken da ake gani kamar na kyandir ɗaya ne a hannu, iska tana kaɗawa a waje. Ford ya hana a yi wa 'yan wasa kwalliya. Hotunan sun yi kama da waɗanda Dorothea Lange da abokan aikinta suka ɗauko wa gwamnati a sansanonin, irin hoton nan na 1936 na wata uwa a Nipomo da 'ya'yanta sun ɓoye fuska a kafaɗunta.

Wurin da ya fi taɓa ni babu magana a cikinsa. Daren da iyalan Joad za su tashi zuwa Kaliforniya, uwar gidan, wadda Jane Darwell ta fito a matsayinta, tana zaune ita kaɗai gaban murhu da wani ɗan akwati na tarkacen da ta tara tsawon rayuwarta. Ta ɗauko katin gaisuwa ta duba ta jefa a wuta. Ta ɗauko yankakkiyar jarida mai labarin ɗaurin ɗanta Tom, ita ma wuta. Wani ɗan karen tangaran ta sa a aljihu. Sai 'yan kunne: ta kara su a kunnuwanta, ta dubi kanta a wani dusasshen madubi, fuskarta ta canza, ta sauke hannu. Ana jin sautin akodiyon a hankali yana bin tsohuwar waƙar Red River Valley. Bai fi minti biyu ba, amma mai kallo ya ga budurcin matar da aurenta da tsufanta, ya kuma ga cewa ba ta da wanda za ta nuna wa wannan baƙin ciki, domin da gari ya waye ita ce za ta riƙe kowa. Da motar ta tashi aka ce ta waiwaya ta yi wa gidan kallon ƙarshe, ta ƙi.

Mutum goma sha uku suka hau wata tsohuwar mota da aka yanke bayanta aka mayar akori-kura, da katifu da tukwane, suka kama babbar hanya mai lamba 66, tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Cikinsu har da Jim Casy, tsohon mai wa'azi da ya ajiye wa'azi saboda ya ce bai ƙara sanin abin da zai gaya wa mutane ba; John Carradine ne ya fito a matsayinsa. Kakan gidan ya ce ba inda za shi, sai da aka ɗirka masa maganin barci aka ɗora shi. Bai yi nisa ba ya cika. Suka haƙa rami a gefen hanya suka binne shi, Tom ya rubuta takarda ya sa a kwalba cewa ba kashe shi aka yi ba, kuɗin jana'iza ne babu. Kakar kuma ta rasu cikin dare suna tsallaka hamada, uwar ta kwanta kusa da gawar ta yi shiru har suka wuce shingen masu bincike, don kada a tsayar da su.

Abin da ya ja su yamma ma takarda ce. Uban gidan yana ɗauke da wata 'yar takardar talla da ke cewa ana neman masu tsinkar 'ya'yan itace 800, lada mai kyau. A wani zango suka haɗu da mutumin da ke dawowa daga can, ya yi dariya mai ɗaci ya warware musu lissafin: mai neman mutum 800 sai ya buga takarda 5,000, mutum 20,000 su gani, dubu biyu ko uku su taso. In sun taru a bakin lambu da yunwa, mai lambu ne zai faɗi abin da zai biya. Ya ce 'ya'yansa biyu da matarsa sun mutu a can, cikin yaran ya kumbura, jami'in da ya duba gawa ya rubuta ciwon zuciya. Ban san wani fim na wancan zamani da ya bayyana yadda ake karya farashin guminka da yawan 'yan'uwanka a fili haka ba.

Ford ya san mai kallo ba zai iya shanye ɗaci zalla ba. A wani gidan abinci na bakin hanya uban ya shiga neman burodi na senti goma, alhali na sha biyar ne. Mai hidimar ta so ta ƙi, mai dafa abincin ya ce ta ba shi. Yaran suka ƙura wa alewa ido, uban ya tambayi kuɗinta, matar ta ce biyu senti ɗaya, alhali kowace ɗaya senti biyar ce. Direbobin manyan motoci biyu da ke zaune suka gane abin da ta yi, suka tashi suka bar mata canji mai yawa. Talaka ne ke rufa wa talaka asiri, kowa yana yi kamar bai yi ba.

Shigarsu sansanin farko a Kaliforniya, Toland ya ɗora kyamara a gaban motar, mai kallo ya zama shi ne baƙon da ke kutsawa tsakanin bukkokin kwano da tsumma, mutane suna matsawa gefe a hankali suna kallonsa ba marhabin. Uwar ta ɗora tukunya, yaran sansanin suka kewaye ta suka yi tsit. Abincin bai isa gidanta ba, ga kuma idanun 'ya'yan mutane. Ta zuba wa nata, ta ce yaran su nemo abin da za su kwashi sauran. Wanda ya ga farin 1973 ko na 1984, lokacin da mutanen karkara daga Nijar da arewacin Najeriya suka gangaro manyan garuruwa bayan dabbobinsu sun ƙare, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tukunya, ko na sunan raini da 'yan gari ke laƙaba wa wanda yunwa ta koro. A Kaliforniya sunan shi ne Okie. A 1936 har 'yan sandan Los Angeles aka tura iyakokin jihar su riƙa mayar da matafiyan da ba su da kuɗi, duk da cewa 'yan ƙasa ɗaya ne.

Daga nan suka sami aiki a wani lambu da aka kewaye da waya da masu gadi, senti biyar kowane akwati. Ba su san an kawo su ne don karya yajin aiki ba. Da dare Tom ya sulale waje ya tarar da Casy cikin masu yajin, Casy ya gaya masa su ma da biyar aka fara, aka mayar biyu da rabi, kuma ranar da aka murƙushe yajin haka za a yi wa su Tom. Kafin gari ya waye 'yan banga suka rutsa su a ƙarƙashin gada, ɗaya ya fasa kan Casy da ƙota, Tom ya ƙwace ƙotar ya kashe shi. Washegari lada ya koma biyu da rabi.

A nan ne fim ɗin ya rabu da littafin, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. A wurin Steinbeck, iyalan sun fara zama a sansanin gwamnati mai tsabta, rashin aiki ya fitar da su, suka faɗa lambun, daga nan abin ya yi ta lalacewa. Littafin ya ƙare da ambaliya: Rose of Sharon, 'yar gidan da mijinta ya gudu ya bar ta da ciki, ta haifi ɗa ba rai, suka fake a wata rumfar ajiya, suka tarar da wani mutum yunwa na shirin kashe shi, ta shayar da shi nononta. Dokar tace finafinai ta lokacin ba za ta bar wannan ya fito ba ko da an so. Johnson ya juya tsarin, ya sa lambun a gaba, sansanin gwamnati a baya. Mai kallo sai ya bi iyalan daga wuta zuwa inuwa: wuri mai famfo da makewayi, inda mazauna ke zaɓen shugabanninsu, ɗan sanda ba ya shiga sai da takardar kotu, ga rawa duk daren Asabar. Manajan sansanin ma an zaɓo mai kama da Roosevelt. Bayan Tom ya yi sallama da uwarsa cikin dare ya tafi, fim ɗin ya rufe da ita a gaban mota tana ƙarfafa wa mijinta gwiwa cewa irinsu ba sa ƙarewa, maganar da aka ɗauko daga tsakiyar littafin aka kawo ƙarshe bisa son Zanuck.

Ina ganin wannan rufewa ita ce mafi rauni a fim ɗin. Tana sallamar mai kallo da kwanciyar hankalin da iyalan ba su samu ba, domin aikin kwana ashirin kawai suke bi, ɗansu kuma ana nemansa da laifin kisa. Sansanonin gwamnatin ma 'yan kaɗan ne, ba su ɗauki ko kusa da yawan masu bukata ba. Amma sallamar Tom da ta zo kafin nan ta tsaya da ƙafarta. Fonda ya yi ta da murya ƙasa-ƙasa, idonsa ba ya kan uwar sosai, kamar mai tunani a bayyane. Mutumin da ya fito daga kurkuku ba ruwansa da kowa sai kansa da gidansu, yanzu yana cewa ya fahimci abin da Casy ya gano, kuma duk inda ake fafutukar mai yunwa ya ci, a nan za a same shi. Bai sami amsar tambayar Muley ba, bai gano mutum ɗaya da zai harba ba. Abin da ya gano shi ne masu lambu a haɗe suke, masu tsinka a warwatse.

Akwai waɗanda kyamarar ba ta juya wajensu ba. Kafin zuwan su Joad, 'yan Meziko da 'yan Filifin ne ke yawancin aikin lambunan Kaliforniya, kuma a farkon shekarun 1930 an tasa ƙeyar dubban ɗaruruwan 'yan asalin Meziko zuwa ƙetaren iyaka, cikinsu har da haifaffun Amurka. Baƙaƙen fata masu noman raba amfani a kudu, waɗanda dokar 1933 ta tasa su ma, ba su a ciki. Ƙasar da Muley ke damƙa yana kuka kuwa, gabashin Oklahoma, nan ne aka jibge ƙabilar Cherokee bayan an koro su daga ƙasarsu ta asali a shekarun 1830, daga baya ita ma aka yanyanka ta. Wahalar leburan gona ta zama abin da Amurka ta zauna ta kalla a sinima ne lokacin da ta faɗa kan fararen fata masu zuwa coci.

An fara nuna fim ɗin a New York ranar 24 ga Janairu 1940. Steinbeck da kansa ya yaba, ya ce ya fito da tsanani kamar fim ɗin gaskiya. Ya shiga takarar Oscar a rukuni bakwai ya ci biyu: Ford a matsayin darakta, Darwell a matsayin mataimakiyar jaruma. Rebecca ne ya ɗauki kyautar fim mafi kyau, James Stewart ya kayar da Fonda, wanda bai riƙe tasa ta jarumi ba sai a 1982, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Mawaƙi Woody Guthrie, shi ma ɗan Oklahoma, ya tsara doguwar waƙa kan Tom Joad a shekarar da fim ɗin ya fito. A 1989, da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara zaɓen finafinan da za a adana a matsayin kayan tarihi, yana cikin 25 na farko.

Mutanen da aka yi fim ɗin a kansu kuwa, yaƙi ne ya fitar da yawancinsu daga lambu. Daga 1941 masana'antun jiragen sama da na ruwa a Kaliforniya suka buɗe ƙofa, 'yan Oklahoma suka sami albashi suka zauna a Bakersfield da Los Angeles da Oakland. A 1942 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar Bracero da Meziko, aka riƙa shigo da leburori na wucin gadi su maye gurbinsu, tsarin da ya ɗore har 1964. Dokar ƙwadago ta 1935, wadda ta ba ma'aikatan Amurka 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da masu ɗaukarsu aiki, tun farko ta cire leburorin gona daga ciki. A watan Satumba 1965, a garin Delano na gundumar Kern ɗin nan da ta hana karanta littafin, masu tsinkar inabi 'yan Filifin ƙarƙashin Larry Itliong suka ajiye aiki, ƙungiyar Cesar Chavez da Dolores Huerta ta mara musu baya. Yajin ya ɗauki shekara biyar kafin masu lambu su sa hannu, kuma sai a 1975 jihar Kaliforniya ta yi dokar da ta amince wa leburan gona ya shiga ƙungiya ya zaɓi wakilansa.